Kallabi a Cikin Gida: Addini ko Al'ada?

A Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, da wuya a ga magidanciya a tsakar gidanta kai ba kallabi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen yankin ke bi, rufe gashi wajibi ne lokacin salla da gaban namijin da ba muharrami ba. Aya ta 31 ta Suratun Nur ta lissafa waɗanda aka sassauta a gabansu, har da uban miji. Ƙanen miji ba ya cikinsu, kuma a gidan gandu kullum yana shige da fice. Ɗaura kallabi inda addini bai wajabta ba kuwa, kunya ce da kamala. Wasu 'yan mata na ganin ɗaurin iyayensu tsohon yayi ne, amma saɓanin a kan salon ɗauri ya tsaya. Kallabin kansa bai tsufa ba.