Ido Biyu, Kuskure Ɗaya

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: mutumin da ya faɗi abin da ba haka yake ba, alhali shi a zuciyarsa ya haƙiƙance gaskiya ya faɗa, yana da laifi ko kuwa ba shi da shi? Abin da ya sake tayar mini da ita wata tsohuwar kyamara ce mai aiki da fim, ƙirar Zorki-4, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa a garin Krasnogorsk na Tarayyar Sobiyet daga 1956 zuwa 1973.

Bari in ɗan bayyana wa mai karatu yadda irin wannan kyamara take auna nisa, domin nan ne gizo yake saƙar. A goshinta akwai tagogi biyu. Ɗaya tana kallon abu kai tsaye, ɗayar kuma tana karkato da hotonsa ta cikin madubi har ya faɗo a tsakiyar na farko. Idan ka leƙa sai ka ga mutum ɗaya ya zama biyu. Sai ka dinga murɗa idon kyamarar, shi kuma yana tura wani ɗan hannu na ƙarfe da ke ciki, har siffofin nan biyu su hau kan juna su zama ɗaya. A nan ne ake cewa nisa ya daidaita, sai a ɗauka. Tun 1932 kamfanin Leica na Jamus ya haɗa wannan dabara a jikin kyamararsa.

To, da wannan kyamara na ɗauki hotunan kakata a wata Sallah, fim guda cur, hoto 36. Kowanne sai da na ga fuska biyu ta koma ɗaya kafin in danna. Da aka wanko su, sai ga katangar da ke bayanta ta fito raɗau, har ana iya ƙirga tsagar jikinta, ita kuwa fuskar tsohuwa dishi-dishi kamar an leƙo ta cikin hazo. Wata Sallar ba ta riske ta ba, Allah Ya jiƙanta.

Ashe kyamarar ta taɓa faɗuwa, ɗan hannun nan ya goce da abin da bai kai kaurin farce ba. Abin ban tsoro a nan shi ne ma'aunin da ya goce ba ya nuna alamar ciwo. Siffofin suna haɗuwa lafiya lau, mai leƙe yana samun natsuwa irin ta kullum. Shaidu biyu ne suka yi baki ɗaya, amma duk a ɗaki guda suka kwana.

Na zauna na kalli yadda mai gyara ya yi da ita, na ga ko sau ɗaya bai tambayi kyamarar ra'ayinta ba. Da farko ya murɗa idon zuwa iyakar nisa, wurin alamar nan mai kama da 8 a kwance, ya auna wata hasumiya can nesa (ya ce wata a daren sha huɗu ya fi), ya zura siririyar sukudireba ya juya wani ɗan noti da ke ɓoye a gaba har hasumiya biyu ta koma ɗaya. Na ɗauka an gama. Sai ya cire bayan kyamarar, ya ɗora gilashi mai hazo daidai inda fim yake kwanciya, ya auna mita 1 da tef, ya kafa jarida. Nan fa aka ga ta'asa: daga nesa ma'auni ya yi daidai, daga kusa har yanzu ƙarya yake yi. Sai da ya karkata ɗan harshen da ke bakin hannun, ya koma kan hasumiya, ya dawo kan jarida, ya fi sau biyar, domin taɓa ɗaya yana motsa ɗayan.

Wannan na biyun shi ya fi tsaya mini a rai. Mu marubuta gwanaye ne wajen auna wata. Idan ana maganar adalci ko zaluncin shugabanni alƙalaminmu ba ya kuskure. Amma a ce mu zana kishiyar uwa, ko ɗan aikin gidanmu, ko matar da muka saka, waɗanda ke mita 1 daga gare mu, sai katanga ta fito fes, mutum ya ɓace. Kuma muna rubutawa ne da cikakken yaƙini, mu kai wa abokin da tare muka tashi, tare muka yi karatu, ya ce wallahi haka yake.

A ganina mai irin wannan kuskure ba maƙaryaci ba ne, don bai yi niyyar ruɗin kowa ba, zalunci ne a haɗa shi da mai tauye mudu da gangan. Sai dai uzurinsa fim ɗaya ne. Ranar da aka wanko hoto ya gani da idonsa, ko wadda ya zana a labari ta ce masa ba haka take ba, daga ranar ya san akwai abin dubawa. Ni kaina, tun kafin wannan Sallar an taɓa wanko mini wani fim na bikin suna, na ga fuskoki ba su fito sosai ba, na ce ai mai wankin ne bai iya aikinsa ba.