Haƙƙin baƙo da haƙƙin ƴan gida

A daminar bara ɗana ya shigo gida rungume da wani kare da ya tsamo daga kwata, haƙarƙarinsa duk a waje, ƙafa guda ba ta taka ƙasa. Ya roƙi a bar shi. Na dubi tsakar gida: awaki biyu, kaji, da tsohuwar kyanwa wadda ta shekara takwas tana tsaron rumbu. Su babu wanda ya nemi shawararsu.

Mun saba ɗaukar tausayi a matsayin lamari tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Amma sau da yawa akwai na uku, wanda daga kasonsa ake yin kyautar. Yaro ne zai sha yabo. Kaza ce za ta biya da ƴan tsakinta ran da karen ya tuna yunwar titi. Shin ya halatta mutum ya yi alheri da kwanciyar hankalin wani?

Wasu abokan aikina sun ce a kore shi, wai ƙazanta ne. Ban gamsu ba. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta riƙe shi don farauta da tsaron garke ko gona. Makiyayan Azawak ma da karnukansu suke zaune tun kaka da kakanni. Hujjar da ta fi nauyi ta lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cutar kan ɓuya makonni ko watanni a jikin dabba, allurar rigakafi ba tabbas ta tsayar da wadda ta riga ta shiga, kuma akuya da kyanwa suna kamuwa.

Saboda haka, bayan likitan dabbobi ya duba shi, muka keɓe shi a kangon bayan gida. Ɗana ya yi fushi, ya ce mun cece shi ne don mu tsare shi. Zuciyarsa ta fi tawa taushi, amma a nan ya kuskure: keɓewar ce kaɗai hanyar da za a ba baƙo masauki ba tare da an zalunci ƴan gida ba. Shi kansa karen, wanda ya saba da jifa, ya fi bukatar lungu da shiru bisa ga cunkoson sababbin fuskoki.

Sauran aikin na haƙuri ne. Muka riƙa kai masa tsumma mai warin awaki, daga baya muka fito da shi da igiya na ɗan lokaci, kwanonsa nesa da na kowa.

Yanzu yana kwana a bakin turke, awaki sun daina kula shi. Duk da haka ɗan tsako ɗaya ya tafi, ranar da muka yi sakaci da igiya. Kyanwa kuwa har yau a bisa katanga take cin abincinta.