Ƙyamar baki ba fatawa ba ce

Da yawa daga cikinmu, in aka ajiye mana abincin da idonmu bai saba gani ba, kafin mu tambayi ko mene ne mun riga mun yanke masa hukunci. Ƙaguwa haramun ce. Dodon koɗi haramun ne. Jatan lande kuwa ƙwaro ne, Musulmi ba ya cin ƙwari. Na ji waɗannan maganganu daga bakin mutanen da nake girmamawa, masu sallar dare da azumin nafila, kuma ba mugunta ta sa suke faɗa ba, tsoron Allah ne. Wannan ne ma ya sa abin yake damuna. Shin duk abin da rai ya ƙi, Allah ne ya hana shi? In kuwa ba haka ba ne, ina matsayin ƙyamar da muke ji, tunda ita ma halitta ce a jikinmu?

Dalilin ƙyamar ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Hausa nesa take da teku. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma kafin zuwan mota da ƙanƙara babu yadda za a yi ɗanyen abin teku ya iso kasuwar Kurmi bai ruɓe ba. Abin da muka sani shi ne kifin gulbi da na tafki: tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa, gaiwa, da giwan ruwan da masunta ke fafutukar kamowa a Matan Fada tun da aka fara bikin kamun kifi na Argungu a 1934. Sauran kuma banda ce, daga Baga ko Yawuri, baƙa ƙirin da hayaƙi, a gutsuttsura a zuba a miyar kuka. Kakanninmu da suka yi nesa da abin da ba su sani ba sun yi hankali, domin abin teku in ya kwana cikin zafi yana iya kwantar da gida guda. Al'ada ce mai dalili. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauki al'adar aka jingina ta ga Allah.

Ni aure ne ya kai ni Legas, kuma a can na koyi gasa jatan lande. Ana ɓare shi a bar wutsiya, a tsaga bayansa a zare baƙin zaren nan da ke ciki, wanda shi ne hanjinsa. Sai a wanke da lemon tsami, a cuɗa shi da tafarnuwa da citta da attaruhu da gishiri da ɗan man gyaɗa, a jera a tsinke kamar tsire. Sirrin yana wajen wuta. Sai harshen wutar ya mutu, garwashi ya yi fari da toka, sannan a ɗora. Minti biyu ko uku kowane gefe ya isa. Da zarar launinsa ya juya daga toka-toka zuwa ja-ja, ya lanƙwashe, a sauke, in aka ƙara ya yi tauri ya ɓata. Ina barbaɗa masa yajin ƙuli a ƙarshe, domin harshena na gida ne.

Wata rana ƙanwar mahaifina ta zo mana daga Katsina, ta tarar da ni a bakin murhu. Ta leƙa, ta ja da baya.

"A'uzubillahi! 'Yar nan, me kike ba wa 'ya'yan mutane? Wannan ai haramun ne."

Na ce, "Goggo, halal ne, daga ruwa yake."

Ta ce, "Abu mai ƙafafu rututu haka, da gashin baki?"

Tsarabar da ta kawo mana a ranar kuwa soyayyar fara ce, cike da leda, ta sha yaji, kuma duk gidan muka taru muka cinye. Fara ma tana da ƙafafu shida da ƙahonni biyu. Maƙwabciyata, wadda ta tashi a bakin ruwa tana cin ƙaguwa tun tana yarinya, ko kallon farar ba ta iya yi.

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko za su iya alwala da ruwan teku, tunda ruwan sha kaɗan suke ɗauka a jirgi. Aka amsa masa cewa ruwan mai tsarki ne, aka kuma ƙara masa abin da bai tambaya ba, wato mushen teku ma halal ne. Ga kuma labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, mutum kusan 300, waɗanda yunwa ta kai su ga cin ganyen itace a gaɓar teku. Sai ruwa ya jeho musu wata ƙatuwar dabba matacciya, suka yi kwanaki suna ci, girmanta har aka kafa ƙashin haƙarƙarinta mai raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Da suka koma Madina suka ba da labari, Manzon Allah ya nemi ko da saura, aka kawo masa ya ci. A kan irin waɗannan hujjoji mazhabar Malikiyya, wadda ita aka gada a ƙasar Hausa, ta halatta dabbobin ruwa gaba ɗaya ba tare da yanka ba. Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalanmu suka dogara da shi shekaru aru-aru, a kan haka yake.

Gaskiya ne akwai saɓani. Hanafiyya kifi kaɗai suka halatta daga ruwa, shi ya sa malamansu a Indiya da Pakistan suka daɗe suna tattauna ko jatan lande yana cikin kifi. Shafi'iyya da Hambaliyya sun faɗaɗa, amma sun cire kwaɗo da kada. Wanda ya karanta ya bi ɗaya daga cikin waɗannan da sani, babu mai zarginsa. Amma Goggo ba Abu Hanifa take bi ba. Idonta take bi.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da mai ƙyama zai iya kawowa, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Aya ta 157 a Suratul A'arafi ta siffanta Annabi da cewa yana halatta daɗaɗan abubuwa, yana haramta ƙazantattu. Ashe ke nan ƙazanta dalili ce ta haramci. To, wa zai ce wannan ƙazantacce ne? Malaman Shafi'iyya sun ce a duba abin da Larabawa masu lafiyayyar ɗabi'a, mazauna gari, cikin wadata, suke ƙyama, tunda su aka fara yi wa magana. Amsa ce mai tsari, kuma ko ita ba ta miƙa hukuncin ga kowa da kowa ba. Malikiyya kuwa suka ce ƙazantacce shi ne abin da shari'a ta ambata ta hana, irin su mushe da jini da naman alade, ƙyamar mutane ba ta haramta komai. Zuciyata ta fi natsuwa da wannan, domin addinin da aka aiko wa duniya duka ba zai rataya a kan harshen ƙabila ɗaya ba. In aka ce ƙyama ce ma'auni, fara za ta zama halal a Maraɗi haramun a Fatakwal, ƙaguwa kuma ta zama akasin haka. Allah ɗaya ne a garuruwan biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Imamu Malik ya yi da abin da ba na garinsu ba. A cikin Mudawwana, wadda Sahnunu na Ƙairawan ya tattara, an tambaye shi game da dodon koɗi da mutanen Magrib ke ci. Mutumin Madina ne, ba cimar garinsu ba ce. Bai yamutsa fuska ba. Ya nemi abin da ya yi kama da shi a shari'a, ya ƙiyasta shi da fara: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa, babu laifi a ci. Har yau in ka je dandalin Jami'ul Fana a Marrakesh za ka tarar da masu sayar da romon dodon koɗi a 'yan kwanoni, mutane na sha da yamma.

Sai labarin da nake ganin ya raba gardama, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah ya shiga ɗakin matarsa Maimuna tare da Halidu ɗan Walidu, wanda ita innarsa ce. Aka kawo gasasshen damo da 'yar'uwarta ta zo da shi daga Najadu. Ya miƙa hannu, sai matan da ke wurin suka sanar da shi ko naman mene ne, ya janye hannunsa. Halidu ya tambaya ko haramun ne. Ya amsa cewa a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Halidu ya jawo naman ya ci, Annabi yana kallonsa.

Na daɗe ina juya wannan labari. Ga mutumin da in ya ce abu haramun ne, ya haramta har tashin ƙiyama. Ya ji ƙyama, irin wadda kowane ɗan Adam ke ji, bai ɓoye ta ba, bai kuma tilasta wa kansa ci don ya faranta wa masu gida ba. Amma ya faɗi asalinta a fili, cewa daga inda ya tashi ta fito, ba daga wahayi ba. Bai tashi daga wurin ba, bai sa an ɗauke kwanon ba, bai ɓata wa Halidu cin abincinsa ba. In shi bai mai da ƙyamarsa doka ba, ni wace ce da zan mai da tawa? Abu Huraira ma ya ba da shaida cewa bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Mun fi jin tsoron cin haram fiye da haramta halal, alhali aya ta 116 a Suratun Nahli ta ja kunne a kan duka biyun, ta kira shi ƙirƙira wa Allah ƙarya. Mai gudun ƙaguwa don tsoron zunubi, in ya buɗe baki ya ce Allah ya hana, an ƙi cin biri an ci dila.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan yaɗuwa. Ƙyama ba ta tsayawa a kwano, tana tsallakawa zuwa ga mai kwanon. Daga "ba na cin wannan" sai a koma "masu cin wannan ƙazamai ne", daga nan sai a fara shakkar musuluncinsu. Na ji ana yi wa Musulmin kudu irin wannan kallo saboda dodon koɗi da ƙaguwa a miyarsu. Alhali Senegal, ƙasar Malikiyya ce kamar tamu, ƙasar manyan shehunai, kuma shinkafa da kifinsu da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2021, ana ƙara mata ɗanɗano da busasshen naman katantanwar teku. Littafi ɗaya muke karantawa da su. Teku ce kawai take ƙofar gidansu, mu take mana nisa.

Wannan ba ya nufin dole Goggo ta ci. Ban matsa mata ba, kuma ba na goyon bayan 'yan zamani da ke yi wa iyayensu kallon ƙauyawa don sun ƙi taɓa abin da ba su sani ba. Barin abin da rai ya ƙi yana da asali a sunna, kamar yadda cin Halidu yake da shi. Tuwo na tuƙa mata a daren da miyar kuɓewa busasshiya, muka zauna a tabarma ɗaya. Abin da na roƙe ta shi ne ta ce ba ta so, kada ta ce Allah ba ya so. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta tambayi malaminsu in ta koma gida, kuma hakan ya yi mini daidai.

Mu masu son ɗanɗana baƙon abinci, mu ma da sauran tambaya a kanmu bayan an ce halal ne. Ta farko cutarwa ce. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa, suna ci sai kumburi da sarƙewar numfashi, irin waɗannan barinsa wajibi ne a kansu. Wanda ya fara wari kuma na juji ne, komai tsadarsa.

Ta biyu ita ce ta fi taɓa ni a bakin murhu. Cewa dabbar ruwa ba ta buƙatar yanka bai zama izinin azabtar da ita ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Switzerland ta hana jefa ƙaguwa da danginta cikin tafasasshen ruwa da ransu ba tare da an sumar da su ba tun 2018, Birtaniya kuma ta sa su cikin dabbobin da doka ta yarda suna jin zafi a 2022. Mu da aka umarta da tausayin abin yanka tun ƙarni 14 da suka wuce bai kamata a riga mu ba. Ni dai ba na ɗora ƙaguwa a wuta tana motsi. Ina binne ta cikin ƙanƙara har ta sandare, sannan in soke ta daga ƙasan cikinta da abu mai tsini. Haka nan in na je sayen tarwaɗa mai rai a kasuwa, ina roƙon mai sayarwa ya yi mata bugu ɗaya mai ƙarfi a ka kafin ya sa wuƙa, kada ya zuba mata gishiri ko ruwan zafi tana birgima. Wasu sukan ce, "Hajiya, ai kifi ne kawai," su yi don na roƙa. Wanda nake ciniki da shi yanzu, tun kafin in yi magana yake ɗauko sandarsa.