Shawarar Magani Ma Amana Ce

'Yar'uwa, ki tuna ranar da kika je suna ko dubiya a nan Kafur, aka ce wance ciwon suga ya kama ta. Kafin a kawo ruwa kowa ta zama likita. Wannan ta ce a dafa citta mai yatsu, waccan ta ce gangamau a madara, wata kuma citta mai ƙwaya. Tsirran nan dangi ɗaya ne, kuma ba a banza iyayenmu suka riƙe su ba. A 2012 masu bincike a ƙasar Tailan sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 240 da sugansu ya fara hawa. Bayan wata 9, babu ko ɗaya cikin waɗanda suka sha sinadarin gangamau da ciwon ya kama, alhali ya kama kashi 16 cikin ɗari na sauran. To amma ki lura, mutanen nan ciwon bai riga ya zauna a jikinsu ba, kuma tacaccen sinadari suka sha, ba garin da muke awo a kasuwar Malumfashi ba.

Ga tambayata. Idan kika ce wa mai ciwo, "Ajiye ƙwayoyin asibitin nan, citta ta ishe ki," ta ajiye, bayan shekara ido ya dushe ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, alhakin wa? Za ki ce alheri kika nufa. Na yarda. Amma kin faɗi abin da ba ki sani ba da muryar wadda ta sani, ita kuma ta ɗauka don ta yarda da ke. Nan ne nauyin yake.

Ba na ganin laifin mai neman sauƙi, wallahi magani ya yi tsada. Ita kanta cittar sai da kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi a 2023, lokacin da cuta ta cinye gonakin Kachia da Jaba.

Mai son shan citta ta sha, amma ta gaya wa likitanta, ta ci gaba da maganinta, a riƙa auna jini, domin suga yakan yi ɓarna shiru ba tare da zafi ba. Yaron da ke kan allurar insulin kuwa, babu saiwar da za ta maye masa ita. Kuma don Allah, zoɓon da aka zuba wa citta aka bi shi da kofin sukari, a daina kai wa Inna da sunan magani.