Fasali a kan Masu Gudu su Ɗaura Aure a Faƙon Gishiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya aure sutura, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin samarin Turai da Amurka: saurayi da budurwa su shirya tafiya su biyu, ko tare da mutum uku ko huɗu, zuwa wani faƙon gishiri mai nisa daga gari, su ɗaura aurensu a can, dangi su ji labari daga baya. Biyu daga cikin wuraren nan sun shahara. Na farko faƙon Bonabil a jihar Yuta ta Amurka, ragowar wani babban tafki da ya ƙafe tun zamanin da. Na biyu faƙon Uyuni a ƙasar Bolibiya, wanda ya fi kowane faƙon gishiri girma a duniya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 3,650. Idan damina ta sauka a kansa, ruwa kan kwanta bisa gishirin ya zama kamar madubi, har mai kallo ya kasa rabe sama da ƙasa. Mas'alar da muke so mu duba ita ce: shin aure na mutum biyu ne kaɗai, da za su ɗauke shi su kai inda ba kowa, ko kuwa wasu suna da hakki a cikinsa?

Asalin al'adar gudu ne na gaskiya. A shekarar 1753 majalisar Birtaniya ta yi doka cewa wanda bai kai shekara 21 ba ba ya aure sai da yardar iyaye. Dokar ba ta shafi Sikotlan ba, sai masoya suka riƙa tserewa su ƙetare iyaka zuwa wani ƙauye, Giretna Girin, inda har maƙerin gari kan ɗaura musu aure. Daga baya sunan ya sauya ma'ana a wurinsu, yau suna kiran ƙaramin biki da shi ko da ba wanda ya hana. Saboda haka masu yin wannan abu kashi uku ne: mai gudun hanin iyaye, da mai gudun tsadar biki, da mai neman hoto mai kyau. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma zalunci ne a haɗa su.

Ka dubi shirin da suke yi. Suna lissafa ruwan sha, domin babu rijiya. Suna neman tabarau, domin hasken gishiri na kashe ido. Suna zaɓen wata da sa'a, suna ɗaukar mai hoto, suna tambayar inda mota za ta bi, domin ɓawon gishirin yana da kauri a tsakiya amma siriri ne a gefe, ƙarƙashinsa kuwa taɓo ne mai haɗiye ƙafar mota. Wannan duka hankali ne, ba mu zarge su a kansa ba. Abin da muka lura shi ne, guzurin nan na yini ɗaya ne, aure kuwa tafiyar shekaru ce, kuma guzurin shekarun nan, wato mutanen da za a koma gare su ran da aka saɓa, shi ne aka bari a gida.

Fatake sun fi kowa gane wannan. Wanda ya san ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya ɗauko kantu da beza da dabino, ya san ba a shiga wannan sahara mutum biyu, komai ƙarfin raƙumansu da ƙaunar da ke tsakaninsu. Sai da madugu wanda ya san rijiyoyi, sai da jama'a, domin idan raƙumin ɗaya ya durƙushe a raba kayansa bisa na sauran. A ƙasar Yuta ɗin ma an ga misali. A shekarar 1846 wani ayarin masu ƙaura zuwa Kalifoniya, da ake kira ayarin Dona, suka bar sananniyar hanya suka bi wata da aka ce musu yanke ce, ta cikin saharar gishirin nan. An gaya musu tafiyar kwana biyu ce, sai ta cinye musu kusan kwana shida, kekunansu suka lume cikin taɓo, shanunsu suka tsere saboda ƙishirwa. Jinkirin ya taimaka ƙanƙara ta rufe su a kan duwatsu, cikin mutum 87 sai 48 suka tsira. Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

To, mece ce sananniyar hanya a aure? Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda almajiri ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun tsayar da shi bisa waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai. An so shaidun su halarci ɗaurin, kuma wajibi ne a kafa su kafin tarewa. Idan miji ya umarci shaidu su ɓoye auren, wannan shi ne auren sirri, kuma hukuncinsa a raba shi. Ka lura, ba a sharɗanta taro mai yawa ba, ba a sharɗanta wuri ba, mafi ƙarancin sadaki kuwa rubu'in dinari ne. Da mutum zai ɗauki waliyyin mace da shaidu biyu su tafi tsakiyar faƙon gishiri a ɗaura, su dawo su sanar da gari, aurensa ya inganta. Laifin yana cikin ɓoyewa, ƙanƙantar biki ba laifi ba ce.

Hikimar shaida kuwa tana bayyana ne ran da soyayya ta yi sanyi. Ranar da miji ya musanta sadaki, ko ya mutu 'yan'uwansa suka ce ba su san matar ba, ko aka yi jayayya a kan nasabar ɗa, wa zai tsaya gaban alƙali? Gishiri ba ya magana, ruwan damina ɗaya ma ya isa ya shafe sawun ƙafa a kansa. Mafi yawan wanda ke cutuwa da auren ɓoye mace ce da ɗanta. Ko dokar jihar Yuta, wadda ba shari'armu ba ce, tana neman shaidu biyu balagaggu a ɗaurin aure, domin hankalin 'yan Adam ya kai ga cewa alkawarin da ba mai riƙe shi sai masu shi yana da saurin kwancewa.

Idan mai tambaya ya ce: ya za a yi da wadda ubanta ya hana ta wanda ya dace da ita, saboda kwaɗayi ko gaba? Sai mu ce: wannan ita ce mafi cancantar tausayi cikin kashi ukun, kuma shari'a ba ta rufe mata ƙofa ba. Waliyyin da hanawarsa ta tabbata zalunci ce, alƙali zai umarce shi ya aurar, idan ya ƙi a aurar da ita ba da shi ba. Hanya ce mai wuya da jinkiri, amma wadda ta bi ta tana fita da aure da shaidu da mutuncinta, wadda ta gudu kuwa ta miƙa dukkan al'amarinta hannun mutum ɗaya, ba ta da gidan da za ta yi yaji zuwa gare shi.

Amma mai gudun tsada, hujjarsa a kan manya take. Idan biki ya zama sai an ci bashi, sai an ciyar da ɗaruruwa domin kada a yi gori, to masu ɗora nauyin sun yi tarayya cikin laifin gudun. Wannan bai tsaya ga Turawa ba: duk wanda ya ga lefe da kayan ɗaki sun tsayar da saurayi shekaru ya san maganar. Abdurrahman ɗan Aufu, attajiri ne cikin sahabbai, ya yi aure da zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, kuma walimar da Manzon Allah ya umarce shi da ita ko da akuya ɗaya ce ta wadatar. Maganin wannan kashi shi ne a sauƙaƙa, har yaro ya daina ganin dangi kamar masu karɓar haraji.

Na ukun shi ne abin mamaki. Ya ce yana son kaɗaici, ya bar mahaifiyarsa a gida, sa'an nan ya watsa hotunan a intanet dubban baƙi su gani. Wannan bai guje wa idon mutane ba. Ya musanya idon masu hakki a kansa, waɗanda za su yi masa faɗa su kuma ɗauki nauyinsa, da idon waɗanda za su yaba su wuce. Ya binciki zuciyarsa, domin riya tana shiga al'amarin aure kamar yadda take shiga sadaka.

Saboda haka, ya kai almajiri, idan lokacinka ya zo, ka ƙanƙanta bikinka yadda ka so, amma ka bayyana shi. Ya kai uba, idan wanda ka yarda da addininsa da halinsa ya zo, kada ka tsawwala har ka koya wa 'yarka hanyar bayan gida. Ya kai falke, kai da ba ka ba da bashin kantu goma sai ka kira shaida, kada ka yarda a ɗauki 'yar mutane da abin da bai kai wannan ba.

Allah Ya shiryar da mu, Ya suturta 'ya'yanmu da halal. Allah ne Mafi sani.