Kachalla a Kogin Haɗeja: Ƙaddara ce ko Aikin Hannu?

A fadamar Haɗeja, masunci kan tura kwalekwalensa da gora ya tarar da kachalla ta fi shi tsayi, ta rufe mashigin da kakansa ya bi yana jefa taru. Manomin shinkafa kuwa wuni yake yi yana kaɗa gwangwani, saboda tsuntsayen jan-baki da suka samu maɓoya a cikin wannan ciyawa. In an yi musu jaje, sai su ce haka Allah ya so.

Gaskiya suka faɗa. Amma sanin cewa komai da nufin Allah yake faruwa, ya ɗauke wa mutum nauyin neman sababi?

Masanan halittu sun bi sawun lamarin. A da, kogin kan cika da damina ya malale fadama, da rani ya ja baya, ƙasa ta bushe, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, sai aka riƙa sako ruwa rani da damina. Kachalla ta samu abin da take so, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta kafa saiwa, ta tare laka, hanyoyin ruwa suka toshe. Wani ƙauyen ambaliya ta cinye gonakinsa, wani kuma ya rasa na ban-ruwa.

Dokta Muhtari Aminu-Kano, wanda ya jagoranci shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, yana cikin editoci uku na littafin da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta buga kan wannan fadama a 1993. Daga baya ya yi aiki da Islamic Relief, inda batun muhalli ya haɗu da koyarwar addini. Tafarkinsa ya nuna cewa auna ruwa da ƙirga tsuntsaye ba jayayya ba ce da hukuncin Ubangiji.

Malamai sun daɗe da warware wannan. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa sahabbai cewa kauce mata ma cikin ƙaddara yake. Wanda ya gano yadda sakin ruwa daga Tiga ke ciyar da kachalla, amana ce ta hau kansa, ba shi da uzurin yin shiru.

Nan ne nauyi ya faɗo kan shugabannin jami'o'i. Jigawa tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga kuma Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja kanta. Mai riƙe da kujerar shugabanci shi ke yanke inda kuɗin bincike za su tafi. Ya kamata shugabannin su tura ɗaliban ilimin halittu bakin kogi, su zauna da masunta da manoma, sannan a kai sakamakon gaban hukumar da ke buɗe ƙofofin Tiga da Challawa.