Ayar Allah a Cikin Gishiri da Sanyi

Ya ke 'yar uwa, jefa ɗanyen ƙwai a kofin ruwa, za ki ga ya nutse. Zuba gishiri sosai ki dama, sai ya taso, domin gishiri yana ƙara wa ruwa nauyi. Sanyi ma haka yake yi.

To, da waɗannan biyun Allah (SWT) Yake juya teku. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Can kusa da Girinlan, idan saman teku ya daskare, ƙanƙara takan bar gishirinta a ruwan da ke ƙasa. Sai ya yi nauyi ya nutse, ya gangara kudu, mai ɗumi ya taho ta sama ya maye gurbinsa. Zagaye ɗaya yakan ci shekara kusan 1,000. Subhanallah!

Yanzu ɗumamar yanayi tana narkar da ƙanƙarar Girinlan, ruwan daɗi yana tsinka gishirin. Masana suna fargabar in zagayen ya yi rauni, daminarmu da ke tasowa daga Tekun Atilantika za ta ragu.

Uwargida, gwada wa yaranki ƙwan nan yau, ki koya musu cewa ƙasa amana ce a hannunmu. Allah Ya sa mu cikin masu tunani, amin.